Kaset ɗin Iya

Iya ba ta yi wa mai zaman banza tatsuniya. Kafin ta buɗe baki sai an juye ƙwaryar gyaɗa a tsakiyar tabarma, kowa ya ja rabonsa gabansa, sannan ta gyara zama kusa da murhu ta ce, "To, hannu na aiki, kunne na aiki." In ɗayanmu ya daina ɓara, ita ma sai ta daina magana, ta zuba masa ido har ya ci gaba. Haka muka riƙa ɓare gyaɗar gidanmu kaf duk shekara, ba mu san aiki ake sa mu ba.

Ita ta haifi mahaifina. Gidanmu yana bayan kasuwar Matameye, ɗakinta kuma shi ne na kusurwa, ƙofarsa tana kallon madafa. Da an idar da magariba an ci tuwo, maza sun fita ƙofar gida jiran lisha, sai wutar murhu ta koma garwashi. Iya ta jefa kara biyu ko uku don a samu haske, mu yara shida ko bakwai mu kewaye ta. Haƙoranta sun ƙare, saboda haka goro sai ta goga shi a magogi, ta tattara garin a tafin hannu ta watsa a baki. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika. Kullum in na zauna sai ta harare ni ta ce, "Maigida, yau ma hannu biyu ka shigo mini?" In ce gobe zan kawo mata rake. Ta ce goben nan tawa ta fi kowace gobe nisa.

Muryarta ba mai zaƙi ba ce. Tana da ɗan kaushi, kamar ana jan tabarma a kan daɓe, kuma takan sauke ta ƙasa a daidai wurin da wani zai ɗaga, har sai mun matso muna karo da kawunan juna. In za ta yi maganar kura sai ta toshe hanci. In ta zo waƙar da ke cikin labari takan buga gwiwarta da yatsu biyu. Ina ƙoƙarin kwatanta muku muryar ne don babu sauran hanyar da za ku ji ta, kuma ni ne sanadi.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa a sauran gidaje. Ita cewa take, "Ga wata nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta zauna mu cire mata."

Akwai wadda ta sha maimaita mana, mu kuwa ba mu cika son ta ba. Wai a wani gari an yi shekarar yunwa, mutane suka cinye komai har irin shuka. Wata tsohuwa ce kaɗai ta daure ta cika gora da irin gero, ta toshe bakinsa. Tana tsoron kada yunwa ta fi ƙarfinta ta daka shi, sai ta kira wani saurayi maƙwabcinta mai suna Nomau, ta ce ya tafi da goran ya rataye a ɗakinsa inda idonta ba zai gan shi ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka ya kawo, su raba.

A hanya Nomau ya iske iska ta kayar da wata bishiya mai kogo, zuma tana tsiyaya ƙasa, ba kowa a wurin, shi kuma ba shi da mazubi. Ya dubi zuma, ya dubi gora. Ya ce a ransa, bari in juye irin nan a gindin bishiya in rufe da ganye, in kai zuma gida in dawo yanzu. Da ya isa gida ya ce bari ya ɗanɗana. Ya sha, ya ƙara, barci ya ɗauke shi. Sai bayan kwana biyu ya koma gindin bishiyar, bai tarar da komai ba sai sawun zabi.

Nomau ya cika goran da rairayi, ya toshe, ya rataye. Duk ranar da tsohuwa ta gan shi sai ta ce, "Ajiya tana nan?" Ya ce, "Tana nan, ga ta can a rataye." Ana nan sai fatake suka bi ta garin da jakuna ɗauke da iri, suna musaya da tufafi. Tsohuwa tana da zane ɗaya mai kyau a ƙasan tukunya. Maƙwabta suka ce ta fito da shi, ta ce a'a, ita tana da nata irin. Fatake suka wuce.

Ruwa ya sauka. Tsohuwa ta fita gona da sassafe ta sassare ramukan shuka, ta zauna jira. Nomau ya saɓo gora, yana cikin tafiya sai goran ya kama waƙa. A nan Iya take buga gwiwa:

"Nomau, Nomau, nauyin nan ba nawa ba ne,
Sauke ni ka faɗa, tun muna kan hanya."

Ya tuɓe riga ya naɗe goran don kada a ji, ya ci gaba da tafiya. Ya isa, ya miƙa. Tsohuwa ta cire marfi, ta tara tafin hannunta, ta karkata.

Daidai nan Iya take tsayawa ta ɗauki magogi. Mu yi ta roƙo. "Iya, sai ta yi masa me?"

"Ba ta yi masa komai ba," in ji ta. "Ta tambaye shi, ya faɗa mata yadda aka yi. Ta ce, zuma tana da daɗi, ni ma da na gan ta a shekarar nan ban san abin da zan yi ba. Amma ranar da fatake suka wuce, kana tsaye kusa da ni." Daga nan sai ta kakkaɓe zanenta ta rufe yadda ta saba: "Nan ta gaji ta kwanta. Wanda ya tashe ta shi zai goya ta."

Mu abin bai gamsar da mu ba. Ba wanda kura ta cinye, ba wanda aka kora daga gari. In ta tambaye mu abin da muka ji, sai mu haɗa baki mu ce kwaɗayi ba shi da kyau. Ta yi dariya ta ce, "To, haka kuka ji?" Ba ta taɓa ƙara komai a kai ba.

Ina da shekara goma ko sha ɗaya Baffa Isuhu, ƙanen mahaifina, wanda ke tuƙa motar haya tsakanin Matameye da Kano, ya shigo da rediyo mai kaset, baƙi, mai jan maɓalli ɗaya a sama. Ya ce yau zai ɗauki muryar Iya. Ta ce ita ba za ta yi wa akwati tatsuniya ba, tunda ba ya ɓarar gyaɗa. Baffa ya ɗebi gyaɗa cikin hannu ya zuba a gaban rediyon. Muka yi ta dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Ta tashi ta shiga ɗaki, sai ga ta ta fito ta canza ɗankwali, ta ɗaura na zuwa biki, wai kada akwatin ya raina ta.

Ta cika kaset ɗin gaba da baya. Da Baffa ya mayar ya kunna, ta rufe baki da hannu ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar mai surutu?" Bayan nan ya kira ni ya nuna mini wasu 'yan kunnuwa biyu a saman kaset ɗin, ya sa makullin mota ya ɓalle su, ramuka biyu suka bayyana. Ya ce, "Ka gani? In aka cire waɗannan, jan maɓallin ba zai dannu ba. Ba mai iya goge shi." Ya rubuta Iya a jiki da alƙalamin bik. Tatsuniyoyi nawa ta yi a ranar, waɗanne ne, wallahi ba zan iya tunawa ba.

Ina aji biyu a koleji Allah ya yi wa Iya rasuwa, cikin damina. Gwaggo Rabi, ita ce 'yarta mace tilo, a gidanmu take zaune tun da mijinta ya rasu. Ita ta ɗauki kaset ɗin, ta naɗe shi a wancan ɗankwalin na biki, ta sa a ƙasan kwalla. Ta ce ba za ta iya ji yanzu ba, sai zuciyarta ta yi ƙwari. Rediyon kuwa Baffa ya riga ya ba ni shi kyauta tun da na ci jarrabawar shiga koleji.

A shekarar ne aka buɗe gidan rediyo a garinmu. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane yadda abin ya shiga mutane ba. Ka ji sunan unguwarku a cikin akwati, ka ji an gai da maƙwabcinka. Amma mu samari shiri ɗaya muka sani, Goman Mako, kowace Asabar bayan la'asar. Wani matashin malamin makaranta, Mushe Laminu, shi ke gabatarwa, Mushe kuwa haka ake kiran malaman boko a wurinmu. Mutane su aiko da wasiƙu su zaɓi waƙoƙi, na Kano, na Yamai, na Mali, na Kongo, shi kuma ya jero su daga ta goma zuwa ta ɗaya, yana ja mana rai. Ranar Litinin ba a wata hira a makaranta sai wannan. Na cika baki a gaban abokaina na ce zan ɗauko musu shirin gaba ɗaya. Ba ni da kaset, kuma mahaifina ba mutumin da za ka tunkara da zancen waƙa ba ne.

Ranar Asabar ɗin Gwaggo ta tafi taron suna a garin Icirnawa. Na shiga ɗakinta, na buɗe kwalla, na kwance ɗankwalin. Wata bakwai ke nan da rasuwar Iya.

Na sa kaset na danna jan maɓalli, ya ƙi. Na sake dannawa, ya ƙi. Shekara da shekaru ina so in ce wa kaina tsautsayi ne, ko rashin sani, amma wannan ƙin da maɓallin ya yi ya hana ni. Na zauna na tuna bayanin Baffa. Na yagi takarda daga littafin makaranta, na tauna, na cusa a ramin. Maɓalli ya dannu. Ban ko saurari abin da ke ciki ba kafin in yi. Na lallashi kaina da cewa ai gefe ɗaya ne, ɗayan yana nan.

Asabar ta gaba na juya kaset ɗin na cusa takarda a rami na biyu. Wannan karon ba wanda ya roƙe ni.

Na yi wata guda ina tashe a makaranta. Da waƙoƙin suka tsufa, na sa tsinke na zaƙulo takardun don ramukan su koma yadda Baffa ya bar su, na naɗe kaset ɗin a ɗankwali irin naɗin Gwaggo, na mayar ƙasan kwalla.

Rayuwa ta ci gaba. Na yi karatu a Damagaram, na dawo, na yi aure, na samu aiki a wannan gidan rediyon, inda Mushe Laminu ya zama darakta, kansa ya yi fari. Mahaifina ya rasu, Baffa ma ya bi shi. Gwaggo ta je Makka ta dawo, yara suna ce mata Hajiya, ni dai Gwaggo na saba. Duk lokacin da zancen Iya ya taso a taron suna ko na biki sai ta ce, "Ai mu Allah ya taimake mu, muryarta tana nan a ajiye. Ko ba haka ba, Habu?" In ce, "Tana nan, Gwaggo."

Bara masu saurarenmu suka ragu sosai. Matasa sun koma salula, kowa da waƙoƙinsa a aljihu. Mushe Laminu ya tara mu ya ce mu koma wa waɗanda suka girma da mu, mu dawo da Goman Mako da waƙoƙin da. Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Direbobin tasha, teloli, mata masu jikoki, kowa na bugo waya yana cewa wannan waƙar da ita aka kai shi ɗaki, waccan tana tuna masa wane da ya rasu. Matsala ɗaya ce. Waƙoƙin ana samun su, amma shirin kansa, da muryar mai gabatarwa, da wasiƙun da ake karantawa, da kiɗan buɗewa, babu ko ɗaya. Ruwa ya taɓa zuba a ɗakin ajiyarmu, abin da ya rage gara ta ƙarasa.

Ni aka ba sabon shirin. Kowace Asabar nakan matso kusa da makirfo in sassauta murya in ce, "Jama'a, duk mai tsohon kaset a gida ya kawo mana. Murya amana ce, kada mu bari ta salwanta." Da bakina nake faɗa, kuma har yabo ake yi mini a kasuwa kan iya magana.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina ofis tare da Mushe Laminu, sai ga kabu-kabu ya sauke Gwaggo a ƙofa. Ta haura saba'in, ba ta taɓa taka wurin aikina ba. Suka gaisa da Mushe, ya ba ta kujera. Ta buɗe jaka ta fito da ɗankwalin ta ajiye a kan tebur da hannu biyu.

"Na ji ɗana yana ta kira a kawo," in ji ta. "Na ce to, lokaci ya yi. Muryar mahaifiyata ce, Mushe, tana tatsuniya. Ni kaɗai a ɗaki ba zan iya ji ba, na gwada ɗaukowa ya fi a ƙirga, sai in mayar. Amma in gari duka na ji tare da ni, ina ganin zan iya. Jikokinta ma su san yadda take magana."

Mushe ya ce ai wannan babban abu ne. Ni na ce na'urar tana bukatar shara, ta bar shi tukuna. Ta sa mini albarka ta tafi.

Ko ƙofar gida ba ta kai ba Mushe ya ɗauki kaset ɗin ya nufi ɗakin shiri. Na bi shi kamar wanda ake ja da igiya. Ya sa, ya danna. Kiɗan buɗe Goman Mako ya cika ɗakin, sannan muryar wani saurayi mai zumuɗi tana yi wa mutanen Matameye da kewaye barka da Asabar. Mushe ya laluba kujera ya zauna. Ya cire tabarau. Leɓensa yana bin maganar da ya yi tun kafin a haifi 'ya'yansa. Ma'aikata suka taru a ƙofa.

"Habu," ya ce, "ka san abin da gwaggonka ta kawo mana? Duk ƙasar nan ban san wani mai irinsa ba." Can sai ya ɗaure fuska. "Amma ai ta ce muryar mahaifiyarta ce. Ga suna ma a jiki."

Na ce, "Kun san tsufa, Mushe. Wataƙila ta rikita shi da wani."

Abin da na faɗa ke nan. Ina da shekara kusan arba'in, ina da 'ya'ya huɗu, na ɗauki laifina na ɗora a kan tsufan matar da ta goya ni.

Da aka tashi cin abinci na kulle kaina a ɗakin na saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ina fatan ko minti ɗaya ya tsira. A ƙarshen gefe na biyu shirin ya ƙare da sauran zare. Na ce a raina, ga ta nan. Sai na ji an yi gyaran murya, wani yaro ya ce, "Masu sauraro, Habu ne ke magana daga Matameye," ya shiga kwaikwayon Mushe Laminu yana dariya, har zaren ya ƙare. Na manta sam na yi haka. Ɗan wurin da ya rage mata ma ban bar mata ba.

Mako biyu ina kewaye-kewaye. Gwaggo ta aiko a tambayi wace Asabar ce, na ce ana kan gyara. Ta sake aikowa, na ce wuta ce ke ba mu wahala. Sai matata ta gaya mini Gwaggo ta aika Tsauni, garin su Iya, ta ce dangi su zo Asabar mai zuwa a ji tare, har ta sa an sayo goro an jiƙa gero.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga wurinta. Tana zaune a inuwar ɗaki tana tsige zogale a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ban tashi ba. Na faɗa mata duka. Sunan da ta tafi Icirnawa, da takardar da na tauna, da Asabar ta biyu, da tsinke, da abin da na ce wa Mushe a kanta. Hannunta bai daina tsiga ba har na gama.

"Shekararka nawa lokacin?"

"Sha biyar."

"Yaro ne," in ji ta. Ta ɗauki wani reshe. "Amma wanda nake tambaya a gidan suna yana ce mini tana nan, shi ba yaro ba ne."

Na sunkuyar da kai.

"Ka tuna Inna Hajo ta Tsauni?" Na ce na tuna, ƙanwar Iya ce. "In suna hira a ɗaki ita da Iya, ko ni ba na rabe muryarsu. Duk tatsuniyoyin nan ta san su, uwa ɗaya ta yi musu. Ta fi shekara goma a duniya bayan Iya, da hankalinta garau. Baffanka ya taɓa cewa mu je mu ɗauko tata ita ma. Ni na hana. Na ce a bar tsohuwa ta huta, ai muna da na Iya." Ta dube ni karon farko. "A zaure muka yi maganar. Kai ka kawo mana ruwa."

Na tuna ranar. Na tuna har kofin.

Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Shekara ashirin da wani abu ina kewaye kwallar nan kamar mai wuta a ciki. Ashe ba kowa." Ta ja faifai gabanta. "Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo."

Na tambaye ta me za a yi da kaset ɗin. Ta ce, "Mushe yana so?" Na ce yana so ƙwarai. Ta ce, "Ku sa. Ko wani ya ji daɗinsa. Ɗankwalin kawai za ka dawo mini da shi." Ita da kanta ta aika Tsauni ta ce kada su wahala, kaset ya lalace. Ba ta ambaci sunana ba, har yau kuma ban ji ta ambata wa kowa ba. Da ta tara dangi ta tona ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na gaya wa Mushe Laminu gaskiya, na ce Gwaggo ba ta rikita komai ba. Ya daɗe yana juya tabarau a hannu. Ya ce, "Ka sa ni a tsaka mai wuya, Habu. Abin da ya fi faranta mini rai a shekarun nan, ga inda ya fito." Na roƙe shi ya gabatar da shirin wannan Asabar da kansa, kada kuma a faɗi wanda ya ɗauka. Ya yarda.

Muna yara mun ɗauka labarin Nomau labarin kwaɗayi ne, kuma na girma da wannan fahimtar don ta fi mini sauƙi. Kwaɗayi abu ne na yini ɗaya, kana iya jingina shi ga ƙuruciya ko yunwa ka wuce. Sai da na durƙusa a gaban faifan zogale na gane abin da ya sa Iya take dariya in mun ba ta amsa. Tsohuwar cikin labarin ta yafe zuma tun kafin a roƙe ta. Abin da ta ambata shi ne ranar da gyara yake yiwuwa, mai laifin yana tsaye yana kallo, bakinsa a rufe don kada a ga baƙinsa. Ni irin wannan ranar ta zo mini ba sau ɗaya ba, shekara goma tana zuwa, duk lokacin da motar Tsauni ta tashi daga tasha. Na daɗe ina kiran shirun da na yi kunya. Yanzu na san kaina kawai nake karewa, wasu suna biya. Tun daga lokacin ban sake cewa murya amana ce a makirfo ba. Maganar gaskiya ce, amma ba a bakina ba.

Ranar Asabar ɗin ban zauna a wurin aiki ba. Da aka saki kiɗan buɗewa na fito na kama hanyar gida a ƙasa. Duk inda na bi shi ke tashi, shagon tela, wurin mai shayi, motocin da ke lodi. Wani dattijo mai gyaran keke ya ajiye aiki yana taka rawa daga zaune, yaransa suna yi masa dariya. Mutane suna ɗaga mini hannu, wani ya ce Allah ya saka wa wanda ya adana wannan. Na amsa da kai na wuce.

Na yi sallama a ƙofar Gwaggo, ba a amsa ba. Na leƙa. Tana zaune a bakin gado, ta manna ƙaramin rediyonta a kunne, ta ƙure ƙara, idonta a rufe. Matar da ba ta taɓa son irin wannan kiɗan ba. Da ta ji motsina ta ɗaga hannu alamar in yi shiru. Sai da waƙar ta ƙare Mushe na da ya fara karanta wasiƙa, sannan ta buɗe ido.

"Ka ce ɗora waƙar ka yi a kanta," in ji ta. "Na ce ko akwai inda za ta ɗan leƙo daga ƙasa. Ko tari ne, zan gane."

Kalmar wataƙila ta zo har bakina. Ita ce mai sauƙi, kuma na san za ta karɓa. Na haɗiye ta.

"Ba ta ciki, Gwaggo. Na saurara daga farko har ƙarshe. Ba abin da ya rage."

Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To." Amma ba ta sauke rediyon daga kunnenta ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Suna kan ta shida lokacin, muka zauna har aka kai ta ɗaya.